Zaren da Na Ɗaura wa Akori-kura

Abin ya faru ne a shekarar da tsohuwar kukar bayan gidanmu ta faɗi da rana tsaka, ba iska ba ruwa, damina biyu bayan rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa. Ban san lissafin shekarun boko ba, ban kuma taɓa neman sani ba. Na dai san a lokacin haƙorana na gaba suna nan, ban riga na je Makka ba, kuma gyaɗa ta yi albarka a kakar har sai da muka ari rumbun maƙwabta. Wanda ya zauna a unguwarmu a Karaye ya gane lokacin da nake nufi.

Sana'ata man gyaɗa. Tun ban fi tsayin turmi ba uwata ta ɗora hannuna a kan muciya, can a Fulatan inda aka haife ni. A ba ni mai a tafin hannu, idona a rufe, in faɗi gyaɗar bana ce ko ta bara, an ƙona ta wajen suya ko an bar ta da ɗanye, an yi wa man haɗi ko tsantsa ne. Ba yabon kai ba ne. A tambaya.

Ɗana na fari shi ne ya sayi motar. Ba zan faɗi sunansa ba, ban taɓa faɗa ba tun ranar da aka raɗa masa. Mu a zamaninmu ɗan fari na kunya ne. Ba ka kiransa, ba ka zama ka yi hira da shi, in za ka yi masa magana bango kake kallo. Kakarsa ce ta yaye shi ta riƙe shi. Ya girma ya yi karatu ya samu aikin rubuce-rubuce a wurin masu sarauta, ya tara abin da ya tara, rana ɗaya sai ga akori-kura a ƙofar gida. Fara ce, doguwa, 'yar Kwatano, irin wadda ba a saba gani a ƙasarmu ba. Gas take sha, ba fetur ba. In aka tashe ta da safe sai ka ji ƙasa tana amsawa a tafin ƙafarka.

Shi ba ya da lokacin tuƙi, sai ya damƙa ta ga mijin ƙanwarsa, wato mijin autata, mutumin Tudun Kaya. Wannan kuma suruki ne, kunyarsa ta fi ta ɗan fari. In ya zo gaishe ni tun daga zaure yake tuɓe takalmi, ya tsuguna nesa, ni kuma in ja mayafi in amsa a taƙaice. Shekara goma sha da aure, ban san launin ƙwayar idonsa ba. Kullum bayan sallar asuba zai zo a kan babur ɗinsa, ya ɗauki motar daga gindin darbejiyar ƙofar gidanmu inda take kwana, ya tafi ɗaukar buhunan masara da gyaɗa daga ƙauyuka zuwa kasuwanni.

Shekara guda lafiya lau. Daga nan mota ta fara shan baƙin mai, wannan da ake zuba wa inji don ya yi santsi. Galan ɗin da ke daɗewa sai ya koma ƙarewa cikin 'yan kwanaki. Aka kai ta gareji. Wani ya ce a sauke inji a canza ringi. Wani ya tsaya a bayanta aka taka mata wuta, ya ce a'a, injin da ke ƙona mai haka da hayaƙinsa ya rufe gari, wannan kuwa salansarta ba ta nuna komai na a zo a gani ba. Da suka kwance filtar gas sai suka tarar da ita baƙa ƙirin, gas ɗin cikin tanki shi ma ya yi duhu.

Daga nan bakin mutane ya karɓi aikin. Aka ce direba ne yake zuƙe baƙin mai yana sayar wa masu injin ban-ruwa. Aka ce gas ɗin 'yan bumburutu yake saye, mai haɗi, saboda araha. Wani maƙwabcinmu ya rantse ya gan shi da sassafe, bonet a buɗe, galan a hannu.

Ɗana bai tambaye shi ba. Yaya za a yi ya tambaye shi? Ba a duban mijin ƙanwa a ce masa ka yi sata. Sai kawai ya aika a ce a ajiye mabuɗi a nan gidan, a wurin matarsa, mota za ta huta. Shi kuma surukin nawa bai ce don me ba. Ya ajiye, ya hau babur ɗinsa, ya tafi. Ba wanda ya zagi wani, ba wanda ya ɗaga murya, amma daga ranar autata ta daina taka gidan nan. Juma'a ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Ita da ba ta kwana bakwai ba ta zo ta zauna a bakin gadona ta tsefe min kai ba. Na aika mata ƙuli-ƙuli, ta aiko da godiya, ba ta zo ba. Na san in abin ya kwana biyu a haka, jikokina na nan da na can za su tashi suna wuce juna a hanya kamar baƙi.

Ni ce nake share ƙofar gida kowace safiya, tun da ƙarfina har yanzu da ya ragu. Ina sharar gindin darbejiya sai na tsaya da tsintsiya a hannu. Shekara guda motar nan tana kwana a nan. Na share kashin tsuntsaye, na share 'ya'yan darbejiya, amma ban taɓa share ƙasar da ta jiƙe da mai ba. Ko ɗigo. Mutum kuwa in yana zuƙar mai da tiyo cikin sauri kullum, ko ɓarawon aljanu ne sai ya zubar da ɗigo.

Na zauna a kan dakali ina tunani irin na sana'ata. Mai ba ya ɓacewa. Ko ya zube, ko ya ƙone, ko a ɗauke shi, ko kuwa ya shige cikin wani abu. Ranar da na juya markaɗen gyaɗa mai ya ƙi fitowa, ba na cewa an sace. Na san yana nan cikin tunkuza, ya ɓuya ne.

Na samo dogon karan dawa na fere shi, na buɗe murfin tanki na tsoma. Na ɗiga a kan farin farantina na tangaran. Na aika aka sayo min gas a gidan mai cikin kwalba, na ɗiga a gefe. Na gidan mai ya bazu garau kamar ruwan shayi marar ƙarfi. Na tanki kuwa ya bazu, amma ya bar baƙar zuciya a tsakiya. Na murza su a yatsa. Ɗaya ya bi iska ya bar yatsa a bushe, ɗaya ya ƙi tafiya, santsinsa na nan har bayan na wanke hannu da toka. Baƙin mai ne a ciki, ko shakka babu. Sai dai wannan bai wanke kowa ba, don za a ce ai haɗin 'yan bumburutu ke nan.

Washegari ɗana ya zo gaisuwa, ya tsuguna a bakin ƙofar ɗakina. Na juya na fuskanci bango.

Na ce, "A gaya wa mai motar nan ina son aronta kwana uku. Da direbanta."

Ya ce, "Inna, wane direban?"

Na ce, "Direba biyu gare ta?"

Na ji yana murza hularsa a hannu. Can ya ce, "To, an ji."

Ina da wani ƙulli da uwata ta koya min. In zan ba dillaliya garwar mai ta kai kasuwa, nakan ɗaure bakinta da baƙin zare, ƙulli uku a karkace, na ƙarshe ya koma cikin na farko. Ana iya yanke shi, amma ba a kwance shi a mayar. Da shi na yi shekara arba'in ba a sa min ruwa a mai ba.

Surukina ya zo kamar yadda aka aika masa, ya rame, ya gaishe ni daga nesa. A gabana ya juye tankin ƙarƙaf, ya sa sabuwar filta, aka cika da gas na gidan mai wanda na duba da idona na murza da yatsana. Aka cika baƙin mai. Ya zaro wannan siririn ƙarfen da ake awo da shi, na gwada da tsinke na karya tsinken daidai inda mai ya tsaya, na ƙulle shi a bakin zanena. Sannan na ɗaure murfin baƙin mai da zarena, aka rufe bonet na ɗaure shi, na zagaya na ɗaure bakin tanki.

Saura abu mai wuya. Dole in shiga motar in zauna a gaba duk inda za ta, don kada a ce an yi wani abu a hanya. Suruka da suruki a kujera ɗaya! Na san za a yi da ni a gidan biki da gidan suna. Sai na ɗauko aminiyata mai daddawa, wadda muka yi zaman maƙwabtaka tun muna amare, na dasa ta a tsakiya. Ita bakinta ba ya da murfi, ko zarena ba zai ɗaure shi ba.

Muna fita gari ta ce, "Direba, ka tuƙa a hankali, kayan da ka ɗauko yau sun fi masara tsada, ko da yake ɗaya buhun ƙwari sun fara ci."

Na ce, "Buhun da ke warin daddawa dai."

Na ga kafaɗarsa tana rawa, yana danne dariya.

Ban san yadda zan faɗi kwanakin nan uku ba. Ƙarshen damina ne, ciyawa ba ta bushe ba, dawa ta sunkuyar da kai. Rabona da doguwar tafiya tun kafin ciwon maigidana. Na jingina kaina da gilashi, injin yana ta bugawa a ƙarƙashinmu kamar mata huɗu a turmi ɗaya, luguden da ba ya kuskure. Ruwan dam ya bayyana daga nesa yana walƙiya, ya ɓuya bayan itatuwa, ya sake bayyana. Balbelu suka tashi daga bayan shanu gaba ɗaya, kamar an kaɗe farin zane. Ban san ko barci nake ba ko ido biyu. Na ga jaki a gefen hanya da mangala, da mutum a bayansa yana tafiya irin ta maigidana, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka. Muka wuce shi, ban waiwaya ba, don kada ya zama wani.

A Falgore aka loda buhuna, ni ina zaune a inuwar mota idona a kan zarena. Mata suna sheƙar hatsi a bayan gari, ƙaiƙayi yana tashi yana tsayawa a cikin hasken rana kamar ba zai sauko ba. Wata yarinya ta kawo mana fura a ƙwarya, ba ta san mu ba, ba mu san ta ba. Na sha, sanyinta ya sauka har ƙafata.

Rana ta biyu muka bi ta Fulatan. Na nemi tsamiyar da muke gaɗa a gindinta ban gan ta ba, amma ƙamshin garin yana nan, hayaƙin kara da ƙasa mai laima. Na ji kamar in na sauka na bi lungun nan zan tarar da uwata a tsugune gaban kasko tana juya gyaɗa da yashi, ta ce min ina kika tsaya. Ban sauka ba.

A ranar ne aminiyata ta lura da hannun direba. Duk inda muka tsaya sai ya je gaban mota ya ɗora tafinsa a kan bonet, ya dubi zaren, ya dawo.

Ta ce, "Kai ɗan nan, budurwa ka ɓoye a ciki ne? Sai shafa kake."

Ya ce, "Baba, tsoro nake. Kwana biyu ban duba mai ba. In ya yi ƙasa sosai inji zai buga."

Ta ce, "Da can kullum kake dubawa?"

Muka wuce gonar rake, doguwa, ganyenta yana kaɗawa kamar ruwa. Sannan ya ce, yana kallon hanya, "Kullum da asuba nake ƙara mata. Daga gida nake zuwa da galan ɗina. Amana ce Yaya ya ba ni. Na ji kunyar a ce a hannuna ta lalace, na ce bari in riƙa rufawa ko Allah zai sa ta daina. Da abin ya fi ƙarfina ne na faɗa."

Ashe galan ɗin da maƙwabci ya gani, zubawa ake yi da shi, ba ɗiba ba.

Aminiyata ta tafa hannu. "La ilaha illallahu! Wannan ya ji kunyar faɗa, wancan ya ji kunyar tambaya, ita kuma tsohuwar nan ta ji kunyar su duka biyun. Wallahi gidanku kunya za ta kashe ku ku bar mota a tsaye."

Ni kuwa na ja mayafina na juya wajen gilashi. Can na ce da gilashin, "Da ana jin magana, da an rage gudu a wannan gargadar." Ya rage.

Rana ta uku ranar kasuwar Rogo ce. Akwai wani makanike a bakin kasuwar, Bazazzagi, abokin wasanmu Kanawa, wanda aka ce ya yi aikin manyan motoci a kudu. Na riga na aika a gaya wa mai mota ya same mu a can da la'asar. Ya zo a kan babur, ya tsaya gefe guda, surukina ya tsaya ɗaya gefen, suka gaisa kamar waɗanda suka haɗu a layin asibiti.

Bazazzagin ya fito yana goge hannu, ya ga zare a bonet, ya fashe da dariya.

"Kanawa ke nan! Mota ta lalace, maimakon sifana sai laya. Iya, wane malamin ya ba ki?"

Na ce, "Malamin da ya koya wa kakanka wanka. Duba min ƙullin nan, bawana, an taɓa shi?"

Ya duba, ya ja, ya juya. Ya ce, "Ko aljanin Zazzau ba zai kwance wannan ba."

Na ce, "To yanke."

Ya yanke na bonet, ya duba na murfin baƙin mai, shi ma yana nan yadda na ɗaure shi. Ya zaro ƙarfen awo. Na kwance tsinkena daga bakin zane na gwada. Mai ya sauka da faɗin yatsa biyu. Aka yanke na tanki, na tsoma karana, na ɗiga a farantin da na zo da shi a jaka. Gas ɗin da na gani garau da idona shekaranjiya, ga shi da baƙar zuciya a tsakiya.

Na ɗaga farantin sama yadda kowa zai gani, na ce da iska, "Ba wanda ya ɗiba, ba wanda ya zuba. Abin da ya fita can, shi ne ya shigo nan. A gaya wa mai ita."

Bazazzagin ya daina dariya. Ya leƙa cikin injin, ya yi ta leƙe, ya sa aka tashe ta, ya saurara. Sannan ya dafa kansa.

Ya ce, "Irin wannan injin ne ashe. Iya, a cikin wannan, baƙin mai ne yake tura nozul, abin da ke fesa gas ɗin nan. Mai na bi ta sama, gas na bi ta ƙasa, tsakaninsu 'yan robobi ne kamar zobe. In robar ta tsufa sai mai ya tsallaka, gas ɗin da ya rage ya kwashe shi ya koma da shi tanki. Ba ya zuba a ƙasa, ba ya yin hayaƙi mai yawa, a hankali take ƙone shi tare da abincinta. Wanda ya ce a sauke inji, Bakano ne ko?"

Aminiyata ta ce, "Kai dai yi aikinka, ɗan cin doya da manja."

Ya ce, "Sai an aika Kano an nemo robobin. Amma Iya, in kina neman aiki, ina da gurbi a garejin nan."

Na ce, "Ba na aiki a ƙarƙashin bawa."

Na miƙa wa aminiyata farantin. Ɗana ya karɓe shi daga hannunta, ya daɗe yana kallon ɗigon nan. Surukina kuma ya sunkuya yana gyara igiyar buhu wadda ba abin da ya same ta. Muka dawo gida rana tana faɗuwa a bayanmu, ja kamar garwashi, mai babur yana biye da mu a baya, bai wuce mu ba har Karaye.

Bayan kwana shida aka kawo robobin. Na sa aka kawo min tsofaffin na gani. Ƙanana ne, ko awarwaron jariri ya fi su, sun bushe sun tsattsage. Na riƙe su a tafin hannuna ina mamakin abin da ya kusa raba 'ya'yana.

Ranar da aka gama gyara, ɗana bai aika da mabuɗi ba. Da kansa ya ɗauka ya tafi Tudun Kaya. Autata ce ta ba ni labari daga baya, wai a ƙofar zaure ya tuɓe takalminsa, shi da yake babba, ya yi sallama sau uku ya jira. Abin da suka faɗa wa juna a zauren ba ta ji ba, ni ma ban tambaya ba. Ta ce dai sun daɗe, kuma da suka fito kwano ɗaya suka ci.

Juma'ar da ta biyo baya ina tsakar gida ina tsince gyaɗa sai na ji sallamarta. Ta shigo da yaranta uku da kwanon dambu a kai. Ba ta yi maganar mota ba. Ta dubi kaina ta ce, "Inna, wannan kitson ai ya zama gidan tsuntsu," ta ajiye kwano ta nemo tsinken tsifa.

Mata sun yi da ni, kamar yadda na zata. An ce tsohuwa ta zubar da kunya ta yi kwana uku tana yawon kasuwa da mijin 'yarta. Na ce su faɗa. Washegarin ranar da surukina ya dawo aiki ya tuɓe takalmi a zaure ya tsuguna nesa, na ja mayafi na amsa a taƙaice, muka koma yadda muke.

Motar ta ƙara shekara huɗu a hannunsa kafin a sayar da ita ga wasu mutanen Falgore. Aminiyata ta rasu shekarar da na dawo daga Makka, Allah ya yi mata rahama. Maƙwabcin da ya ga galan shi ma ya riga mu. Bazazzagin yana nan a Rogo, ido ya yi rauni, 'ya'yansa ne a garejin, amma an ce bakin bai mutu ba. Ɗana ya ajiye aiki, yana nan cikin gidan nan da furfurarsa. Surukina yana Tudun Kaya yana noman rani, autata kuma ta yi jikoki biyu. Sai ni.